Wa Ya Buɗe?

Ɗana,

Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya gafarta masa, ya sa ya huta, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Na yi maka wannan gaisuwa baki da baki, kwana uku ina zaune a ƙofar gidanku kan tabarma ɗaya da baffanninka. Amma ka san gaisuwar zaman makoki ta taro ce. Wannan ya shigo a yi addu'a, wancan ya miƙe a shafa, kai kuma kana durƙushe a gefe kana amsawa da baki, zuciyarka tana wani wuri. Akwai maganar da na so mu yi a lokacin, wurin bai ba da dama ba. Yau ga shi an haura kwana arba'in, kuma labarin da ke iso mini daga Kaduna ya sa na ga in na ƙara jinkiri, na ci amanar abotar shekara hamsin.

An ce mini tun ranar da aka kai shi makwanci ba a sake buɗe wurin atisayen dambensa da safe ba. Yara suna zuwa su tsaya a bakin ƙofa, su yi 'yan tsalle-tsallensu a ƙasa, rana ta ɗaga su watse. Kai kuma kana zuwa, amma bayan isha'i, ka kulle kanka ciki, ka yi ta dukan buhu ba safa ba bandeji, har bayan yatsunka suka farfashe. Ƙanwarka ce ta ga hannun kana alwala, ta gaya wa mahaifiyarku, ita kuwa tana cikin takaba ba halin fita, sai ta sa aka kira ni. Kada ka yi wa yarinyar faɗa. Na kuma ji ka rantse gaban abokanka cewa ba kai ba hutu sai ka ɗauko kambu saboda Baba.

Bari in fara da abin da na san yana cin ka, ko da yake ba ka faɗa wa kowa ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi a gadon asibiti, kai ke kwana wurinsa. Kullum da ya idar da sallar asuba daga kwance, tambayarsa ɗaya ce: "Wa ya buɗe?" Ina nan ranar da ka ce masa yau dai a bari, ya yi maka kallon nan nasa na ƙasan ido, ya ce, "Ni ne ba lafiya ko yaran?" Ka ɗauki makulli ka fita. Ranar da ya cika ma haka aka yi. Ya kore ka, ka hau babur ka je ka buɗe, kana riƙe da agogo kana ƙirga wa yara turmi aka kira ka a waya. Ka dawo ka tarar an ja masa mayafi. Tun daga ranar kake ganin ƙofar nan ce ta hana ka ganin cikawarsa, shi ya sa ba ka iya kallonta da hasken safiya.

To saurara, ɗana. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana sauraron numfashin yara, wanda daga bakin ƙofa yake gane wa ya kwana da zazzaɓi, wa ya sha taba, wa bai karya ba, kana tsammanin nasa numfashin zai ɓace masa? Ni a ganina ya sani, kuma da saninsa ya aike ka. Mahaifiyarka tana gefensa, baffanka yana laƙana masa kalmar shahada, ya kuma amsa, babu abin da ya rage wanda zamanka zai ƙara, ajali kuwa ba ya jiran a cika ɗaki. 'Ya'ya nawa ne mutuwar uba ta riske su suna cikin fushinsa? Nawa ta riska sun shekara ba su leƙa shi ba? Kai ta riske ka kana kan aikensa, umarninsa na ƙarshe yana hannunka kana cikawa. Wallahi da ni za a ba zaɓin yadda nawa ɗan zai kasance a sa'ar da zan tafi, da haka zan zaɓa.

Kai Koci ka sani, mai fito a wuya da furfura a gemu. Ni na san shi tun ba shi da ko takalmin gudu. A daren 30 ga Oktoba 1974 muna samari, muka kwana a teburin wani mai shayi muna gadin rediyonsa, domin a Kinshasa Muhammad Ali zai kara da George Foreman, kuma sai wajen ƙarfe huɗu na asuba za a fara. Ali yana da shekara 32, Foreman 25, kowa na cewa yau za a kashe tsoho. Da labari ya tabbata cewa Ali ya jingina da igiya ya bar Foreman ya yi ta jibgarsa har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya kayar da shi a turmi na takwas, unguwa ta ɗauki ihu. Ni ina ta tsalle ina kwaikwayon naushin ƙarshe. Mahaifinka kuwa yana zaune shiru da kofin shayi, can sai ya ce, "Ni ba faɗuwar Foreman ce ta dame ni ba. Cikin nan da ya sha duka turmi bakwai bai sare ba, a ina aka gina shi?"

Satin nan muka je wurin wani tsohon soja da ke koyar da damben boksin a bayan wata makaranta. Ba yabon kai ba, ni na fi shi hannu nesa ba kusa ba, tsohon da kansa ya faɗa. Abin da za a nuna mini sau biyu in ɗauka, shi sai ya yi sati yana fama, ƙafarsa kamar an ɗaura mata dutse. Sai dai ni ina zuwa ran da na ga dama. In an yi ruwa ba ni, in hunturu ya yi tsanani ba ni, in an kawo sabon fim ɗin Indiya a silima washegari ba ni. Shi kuwa kamar ladan. Bayan shekara ɗaya da rabi tsohon ya haɗa mu gwaji. A turmin farko na mai da shi abin dariya. A na biyu na ji ƙirjina kamar an zuba barkono. A na uku hannuwana suka sauka da kansu, ina kallon naushi yana tahowa ba ni da ikon kaucewa. Bai ma yi mini da ƙarfi ba, yana ɗan taɓa ni ne kamar mai tashin ƙaninsa daga barci, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ban sake sa safa ba. Na kama karatu da koyarwa, shi ya zauna a kan abinsa.

Daga baya ne na fahimci abin da ya faru da ni a ranar, kuma kai ka fi ni saninsa, amma baƙin ciki yakan mantar da mutum karatunsa. Turmi minti uku ne, hutu minti ɗaya. Damben da ba na kuɗi ba, irin na gasar Olamfik, turmi uku ne kacal, wato minti tara. Wanda bai taɓa shiga ba zai ce minti tara ai ko shayi bai huce ba. Amma da zarar numfashi ya gaza, baki zai buɗe, kafaɗa ta yi nauyi, hannun da ke tsaron haɓa ya sauko, daga nan sai yadda aka yi da kai. Kuma a lokacin da naushi ya sauka a kanka, duniya ta juya, ba tunani ke ceto ba, don babu sararin yinsa. Jiki zai koma ne kan abin da aka maimaita masa sau dubbai har ya zama ɗabi'a. Shi ya sa Koci yake sa yaro ya yi wata guda yana taku gaba, taku baya, da naushin hagu ɗaya tak, har yaro ya gundura ya ce shi dambe ya zo koya ba rawa ba. Ga shi kuma jiki ba ya ajiya. Ka yi wata shida kana gudu, ka zauna sati uku, numfashin ne zai fara guduwa ya bar ka. Kullum yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, mu muna yi masa dariya muna cewa Koci karin magana ɗaya ya haddace.

Ko a damben gargajiya da ya kan je kallo, abin da yake dubawa ke nan. Mutane na kallon layu da kirari da kiɗan kalangu, shi yana kallon ƙafa da ƙirji. Yana cewa 'yan damben da, da suke fita ƙauyuka lokacin kaka, ai rundawa ne, shekara suke yi suna kayar da shanu suna saɓa cinya a kafaɗa, atisayensu yana cikin sana'arsu.

Ka duba cikin akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin benci, za ka ga littattafan rubutu irin na 'yan firamare, an ɗaure su da tsohuwar igiyar tsalle. Rajistarsa ce. Suna, sai kwanan wata, sai alamar ya zo ko bai zo ba. Na taɓa buɗawa na ce masa, ina gurbin da kake rubuta wanda ya fi iyawa? Ya ce wannan ba sai an rubuta ba, littafin zai faɗa nan da shekara biyu. Yaro ya yi fashin kwana uku, ran na huɗu Koci yana ƙofar gidansu a kan keke, daga baya a kan babur. Sau da yawa a nan yake gano uban yaro ne kwance, ko an kore shi daga makaranta saboda kuɗi, ko ya fara bin masu shaye-shaye. Juma'a ce kaɗai babu alama a littafin, sai ranakun salla. Da azumi yana mai da atisaye bayan tarawihi, ya rage shi, amma bai taɓa ɗauke shi ba.

Kuma kada ka ɗauka cikin wadata ya yi haka. Kana ƙarami lokacin da masaƙun Kakuri suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Wadda mahaifinka yake aiki a ciki na cikin waɗanda abin ya shafa. Ya wayi gari ba aiki, haƙƙinsa na sallama kuwa ya bi shi har ya gaji. Na ga magidanta da yawa da wannan abu ya karya, wasu suka koma ƙauye, wasu suka zauna a gindin bishiya har ciwo ya same su. Washegarin ranar da aka rufe musu ƙofa na tafi in yi masa jaje, na tarar ba ya gida. Yana can yana ɗinke buhun naushi da ya yage, wanda shi ya haɗa abinsa da tamfol da yashi da ƙyallayen masaƙa. Na ce, yau ma? Ya ce, "Su suka rufe tasu." Ya yi acaɓa, ya yi gadi, ya yi dakon kaya a kasuwa, duk bayan ƙarfe takwas na safe.

Hoton nan da ya koɗe a jikin bango, na mai sanƙo da gemu, ka san Marvin Hagler ne, amma ban sani ba ko ya taɓa gaya maka dalilin da ya sa shi ya liƙa ba Ali ba. Hagler ya fara damben kuɗi a 1973, manya suna ta kauce masa, sai a dambensa na 50, a ƙarshen 1979, aka ba shi damar neman kambun duniya na matsakaicin nauyi, alƙalai kuma suka ce canjaras aka yi. Bai yi zuciya ba, ya koma atisaye. A watan Satumba na 1980 ya je Landan ya gama da Alan Minter a turmi na uku, 'yan kallo suka yi ta jifa da kwalabe, sai 'yan sanda ne suka fitar da shi daga fage. Ya riƙe kambun har 1987, ya kare shi sau 12. A dambe 67 da ya yi, ya ci 62, kuma ba a taɓa tsayar da wasa don an fi ƙarfinsa ba. Tun daga farko har ƙarshe nauyinsa ɗaya, masu horar da shi su ne dai 'yan'uwan nan biyu, Goody da Pat Petronelli. In dambe ya matso sai ya bar iyali ya tare a wani ƙaramin gari na bakin teku, ya riƙa gudu cikin sanyi da takalmin soja, yana kiran wurin kurkukunsa. Mahaifinka yana cewa Ali baiwa ce, ba a koyonta, amma abin da Hagler ya yi kowane ɗan talaka zai iya gwadawa gobe da asuba. Da labarin mutuwarsa ya zo a watan Maris na 2021, ya kira ni a waya kamar wanda aka yi wa rasuwa a dangi.

Yanzu ga maganar rantsuwarka. Akwai wanda ya riga ka yin irinta, kuma shi ya cika tasa, duniya ta shaida. James Douglas, wanda ake kira Buster, ɗan dambe ne ɗan ɗan dambe, kamar kai. Yana da tsawo, yana da hannu, amma an san shi da wasa da atisaye. A 1987 ya samu damar ɗaukar kambu gaban Tony Tucker, ya fara da kyau, ƙarfinsa ya ƙare, aka tsayar da wasa a turmi na goma. Sai aka haɗa shi da Mike Tyson a Tokyo, ranar 11 ga Fabrairu 1990. Tyson ya yi dambe 37 ba a taɓa cin sa ba, mutane na lissafin minti nawa Douglas zai yi a tsaye. Saura kwana 23 a kara, mahaifiyar Douglas ta rasu. Aka zaci zai janye, ya ƙi. Ya shiga fage da wani irin ƙarfin zuciya da ba a taɓa gani a wurinsa ba. Tyson ya kayar da shi a turmi na takwas, ya miƙe, a na goma shi ya shimfiɗe Tyson. Har gobe in ana lissafin abin mamaki a dambe da wannan ake farawa. Shi ma Tyson ɗin, in ka duba, maraya ne ta wata fuska: tsohon da ya rene shi ya koya masa dambe, Cus D'Amato, ya mutu tun 1985, ya rabu da mai horar da shi na asali a 1988, ya sassauta atisaye, ya zo Tokyo da suna kawai.

Samari a nan suke tsayar da labarin. Mahaifinka kuwa ragowar yake ba yara. Bayan wata takwas, ranar 25 ga Oktoba 1990, Douglas ya fito kare kambunsa gaban Evander Holyfield. Da aka ɗora shi a sikeli sai ga fam 246, ƙarin kusan kilo 7 a kan yadda ya je Tokyo. A turmi na uku aka kwantar da shi, bai tashi ba sai da aka gama ƙirga. Daga nan ya saki jiki, ƙiba ta yi masa yawa, ciwon sukari ya kusa kai shi lahira. Allah ya yi da sauran kwana, ya farfaɗo, daga baya ya koma garinsu Columbus yana koya wa yara dambe. Ban kawo wannan don in ci mutuncinsa ba, wanda ya rasa uwa ya yi abin da ya yi ya cancanci a sara masa. Amma zafin rashi wutar kara ce. Tana da haske, tana da ƙuna, ta isa ta kai mutum dare ɗaya. Ba ta dafa abincin shekara.

Abin da kake yi da daddare, ɗana, wutar karan ce. Ba atisaye ba ne, kuka ne kake yi da hannu, kuma ban hana ka kuka ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Amma ka yi shi da ido. Ƙasusuwan bayan hannu ƙanana ne, na bayan ɗan ƙaramin yatsa shi ya fi saurin karyewa, don haka ake naɗe hannu kafin a sa safa. Mahaifinka ya taɓa korar babban yaronsa sati guda saboda ya taɓa buhu da hannu tsirara. Jiki kuma a barci yake gina abin da aka rushe a atisaye, kai ga shi ba ka barci, ba ka cin abinci. Da zai leƙo ya gan ka, ka san ba sannu zai yi maka ba.

In kambun ne ka ƙwallafa rai a kai, ban ce ka cire ba, sai dai ka san irin hanyarsa. Maƙwabtanmu na Nijar suna da Issaka Daboré. Ya je gasar Olamfik a Tokyo a 1964 ya dawo hannu wofi. Ya je Meziko a 1968, haka. Sai a Munich ta Jamus, a 1972, yana da shekara 32, ya samu lambar tagulla, ta farko a tarihin ƙasarsu. Shekara takwas tsakanin zuwan farko da na uku, kuma babu wanda ya tafa masa a safiyoyin da ke tsakani. Nijar ba ta ƙara ganin wata lambar Olamfik ba sai a 2016, da Abdoul Razak Alfaga ya ciyo azurfa a wasan taekwondo. Ka ga abin ba na rantsuwar dare ɗaya ba ne.

Na san kuma akwai wata magana da ta sosa maka rai a wurin makoki, don ni ma na ji ta. Wani daga cikin dangi ya ce, Allah sarki, ya ƙare rayuwarsa a kan dambe, ko gida bai gina ba, ko zakara ɗaya bai fitar ba. Gaskiya ne bai fitar da wanda duniya ta sani ba, 'yan lambobin gasar jiha ne da na ƙasa jefi-jefi. Amma da mai maganar ya ɗaga kai ya dubi sahun jana'iza, da ya ga amsarsa. Na ga soja da kakinsa, na ga direban tirela da ya kwana yana tuƙi daga Legas, na ga tela, na ga malamin asibiti, na ga wani da na san da can unguwa ta sallama shi, yanzu ga shi da 'ya'ya uku da shagon walda. Ƙarti majiya ƙarfi suna rububin ɗaukar makara suna share hawaye da hula. Ɗaya ya kama hannuna ya ce, "Baba, ni ban iya dambe ba har na bari. Tashin asuba na koya a wurinsa, da shi nake ci har yau." Kowanensu sunansa yana cikin akwatin nan.

Kada kuma ka ɗauka ina tura ka fage ne. Ni da mahaifinka mun shekara muna jayayya a kan wannan wasa. Na ga yadda Ali ya ƙare yana rawar jiki, magana tana yi masa wuya, na kuma san akwai malamai da ba su yarda da wasan da ake dukan fuska ba, hujjarsu kuma ba ta wasa ba ce. Shi ma ya sani, shi ya sa gwajin naushi a wurinsa sau ɗaya ne a sati, da hular kariya, kuma yaron da ya ga ya fara shan duka a ka yakan ce masa ya tsaya a gudu da buhu. In ka wayi gari ka ce kai ka bar shiga fage, ni mai goyon bayanka ne, kuma ba ka saɓa masa ba. Bai taɓa tambayar wa ya ci ba a gadon asibiti. Ka tuna abin da ya tambaya.

Ranar uku, liman ya tunatar da mu hadisin nan na Nana A'isha a kan fifikon ɗan aikin da aka lizimta bisa mai yawan da aka yi aka watsar. Ban ce dambe ibada ba ne, amma mahaifinka mutum ɗaya ne a wurare biyun. Gurbinsa a sahun farko, dama da liman, kowa ya san shi, daga masallacin kuma yake wucewa ya buɗe. Haka nake so ka riƙe shi a addu'a. Yanzu gida cike yake da masu yi masa, nan da wata shida za su ragu, nan da shekara biyu sai wanda ya tuna. A nan ne yake bukatarka, bayan kowace salla, ko da kalma uku ce, har ranar da za a yi maka kai ma. Raɗaɗin kuwa ba zan yi maka ƙarya ba, ba ya tafiya rana ɗaya. Nawa mahaifin ya shekara ashirin da rasuwa, har yanzu in na ji ƙamshin turaren da yake sawa sai na nemi wuri na zauna. Sai dai yau da gobe tana rage masa kaifi, har mutum ya iya ɗauka ya yi tafiya da shi.

Allah ya ji ƙan aminina, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba mahaifiyarku juriya, ya raya ku, ya haɗa kanku, ya sa ku fi shi.

Ka je a duba hannun nan, a naɗe shi, kada ka taɓa buhu sai ya warke. Riƙe agogo da cika rajista ba sa bukatar dunƙule hannu. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata saƙonta ya iso. Ranar Juma'a da yamma ina tafe, zan kwana gidan baffanka. Asabar ƙarfe shida ina bakin ƙofar tare da yaran, ka zo da makullin.

Babanka na Zariya.